Ƙanwar Yaya Umaru da ke Delhi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Umaru, kuma kowace damina sai in ɗauki biro don in rubuta labarinsa, in sake ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina tsoron in taɓa al'adar mutane in yi kuskure, ko in jawo wa mamaci surutu. Bana matarsa Inno ta ce shirun ya isa, shi ya sa na daure.

Yaya manomin albasa ne a Danchadi, yana da 'yan shanunsa a wajen Shagari. Ciwon ƙugun Inno ne ya kai su asibiti a Delhi, suka yi damina guda a ɗakin haya, a gidan wata dattijuwa 'yar Hindu mai suna Kamala. Labarin da ya dawo da shi ya ishe mu dariya har ƙarshen ransa. Shanu kwance a tsakiyar titi, motoci na kauce musu, shi kuwa yana ta waige yana neman makiyayin. Mai madara na zuwa a keke da sassafe. Albasarsu ƙanana ce, ya ce da zai kai musu buhu ɗaya na tamu da sun ba shi sarauta. Kamala ba ta cin nama, amma ita ta nuna masa layin mahauta Musulmi, kuma in ya shimfiɗa darduma takan rage rediyonta.

Wata safiya ya ga kasuwa cike da zare ja mai ado, mata na ta saye. Yana komawa gida Kamala ta shigo da faranti, da alewa da jan gari da zare a kai, ta nemi hannunsa na dama. Yaya ya ja baya.

"Inno, mi wagga mata ka son ɗamra min? In laya ta, ba ni so."

"Haba Malam, ba laya ba ta. Yau mata ka ɗamra ma 'yan'uwansu maza zare. Nata ya rasu, kai ta zaɓa."

Ya miƙa hannu. Da ta zo ɗiga masa jan garin a goshi sai ya kare, ya nuna mata da hannu cewa nan wurin sujada ne. Ta yi dariya ta ba shi alewa. Inno ta ce al'adar ita ce yaya ya ba ƙanwa kyauta. Bawan Allah ya buɗe jaka ya zaro kilishin da yake ta ɓoyo tun daga Sakkwato. Inno da ƙugunta mai ciwo ta fizge shi, ta miƙa wa Kamala turmin atamfa.

Ni da na ji labarin zaren nan ban yi dariya ba, wurin limaminmu na Bodinga na nufa. Ya tambaye ni ko Umaru ya durƙusa wa wani abu. Na ce a'a. Ya ce, "To ka kwantar da hankalinka, ƙanwa ya samu."

Yaya bai ɗauki abin wasa ba. Duk shekara in gero ya fara fitar da kai, lokacin bikin zaren ke nan, yakan buga mata waya, su yi ta gaisuwa da guntun Turanci da dariya. Yau da jikokinsa ke magana suna ganin fuskar juna a waya, na san da yana nan sai ya zagaya da ita gonarsa kunya-kunya, ta ga albasar da yake fahariya da ita.

Gonar tana nan, Inno na tafiya da ƙafarta, 'ya'yansa sun gaji sakin fuskarsa ga baƙo. Abu ɗaya ne ya tsinke. A hidimar jana'iza wayarsa ta ɓace, lambar Kamala na ciki. Mun aika wa dangi na kusa da na nesa labarin rasuwar, ita kaɗai ba ta ji ba. Ina yawan tunanin ko ta ɗauka ya manta da ita ne.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya taɓa jinya a Delhi ya sauka a gidan wata Kamala, mai koren ƙyaure, kusa da wani mai shayi da ƙaramin ɗakin ibadar 'yan Hindu, ya taimaka ya sanar da ni ta wannan jarida. In tana raye, ina son in yi mata ta'aziyya da bakina, don ita ma yayanta ne ya rasu.