Zulfa Mai Ƙanƙara da Allurar Saman Sif

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, shida ga watan Zulƙida, wadda ta yi daidai da 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Zulfa, matar Malam Kyari tela, wadda mutanen Fagge suka fi sani da Zulfa mai ƙanƙara. Ta haifi 'ya mace da hantsi, jini ya ɓalle mata, la'asar ba ta yi sakaliya ba ta cika. Kafin magariba an kai ta makwancinta.

Zulfa, tun ranar nake so in rubuta miki wani abu mai sanyi, irin wanda ake karantawa a yi ajiyar zuciya a shafa fatiha. Na kasa. Duk lokacin da na ɗauki biro sai raina ya ɓaci. Ki yi haƙuri da Yayarki, kin san halina tun muna yara, magana ba ta kwana a cikina. Kuma ko da na so yin shiru, ba ni da dama, domin autarmu Ruwaida tana ɗauke da tsohon ciki, kuma irin abin da ya ci amanarki yana ajiye a ɗakinta lokacin da muke zaman makokinki.

Bari dai in fara da alherinki, shi ne haƙƙinki a kaina.

Ranar da kika sayar da 'yan kunnenki na gwal kika kafa sola a kan rufin gida, kika sayi firiza biyu da firij ɗaya, ni ce ta farko da ta ce kin yi wauta. Na ce wa zai sayar da gwal ya sayi ruwan sanyi? Kika yi dariyar nan taki mai rufe ido, kika ce, "Yaya, a Kano ai ruwan sanyin shi ne gwal." Ba a yi shekara ba layinku ya koma tamkar tasha. Masu zoɓo da kunun aya suna zuwa, masu kifi suna zuwa, 'yan dako daga kasuwar Singa suna biyowa da tsakar rana su sayi ƙulli ɗaya su ɗora a wuya.

Sai dai ke ba 'yar kasuwa ba ce, na sha faɗa miki. Firizojin dai na neman abinci ne, amma firij ɗin da ke bakin ƙofar falonki ya tashi daga naki, ya zama na unguwa. In Sallar layya ta zo, kowace mace a layin da ƙullin namanta a ciki, kina ɗaure wa kowa da tsumman atamfa daban don kada a rikice. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ƙofarki ake bugawa. A azumin bana, da zafi ya kai inda ya kai, ƙanƙara ta yi tsada har mutane suna faɗa a kanta, ke kuwa kullum sai kin ware rabin buhu kin ce na tsofaffi ne da marasa lafiya. Na ce miki wannan watan ne ake tara na shekara. Kika ce ke ma abin da kike yi ke nan.

A cikin masu ajiya a firij ɗinki akwai Mama Veronica, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda gidanta ke Sabon Gari, tsallaken titi kaɗan. Tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta son zafi, ga shi unguwarsu sai a yi kwana da kwanaki ba a ga wuta ba. Kin haɗu da ita ne ranar da ta zo sayen ƙanƙara za ta dasa allurar a ciki. Kika ce ta daina wahalar da kanta, kika share mata gefe guda a hawan sama. Tun daga nan kowace safiya sai ta zo, ta buɗe firij da kanta, ta yi allurarta a kan kujerar falonki, ku sha shayi ku yi ta gardama a kan wa ya fi iya miyar kuɓewa tsakanin Barebari da Ibo. Shekara uku kuna haka, ba ki taɓa karɓar ko sisinta ba.

Shekara tara kina gidan Malam Kyari ba ki riƙe ɗa ba. Sau biyu ciki yana zubewa. Da na ukun ya zauna, mahaifiyarmu, Inna Gumsu, ta tara mu ta kafa doka: ba a maganarsa, ba a nuna kayan jariri, ba a cewa wata nawa. Tsoron baki take yi, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce da ta ga 'yarta tana kuka sau biyu. Ke kuma dama ga kunya. Cikin ya fito har kina tafiya da ƙyar, amma in aka ce "ya jiki?" sai ki sunkuyar da kai ki ce zafin gari ne.

A wurin awo aka ce muku kowace ta zo ranar haihuwa da kayanta: safar hannu, auduga, leda, da allurar tsayar da jini, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya faɗo don mahaifa ta tsuke. Ke da ba kya son abin gaggawa, tun kafin azumi kika ja Ruwaida kuka shiga Sabon Gari. A wani ɗan shagon magani aka ciro muku ƙananan kwalabe daga kwali, aka naɗe wa kowa biyu a takarda, kwalin ya koma kan kanta. Ba wanda ya ce muku komai. Kika dawo gida kika sa su a jakar haihuwa, kika ɗora jakar a saman sif, can kusa da kwanon rufi, inda ido ba zai kai ba. Nan ta yi azumi, ta yi Sallah, ta ci zafin bazara gaba ɗaya.

Abin da ya faru ranar Talata ina wurin, da idona na gani. Kin haihu lafiya a ƙaramin asibitin da kike awo. Har kin ce in ɗaga miki yarinyar ki ga ko ta ɗauko hancin babanta. Nas ta fasa kwalba ɗaya daga jakarki ta yi miki. Jini bai tsaya ba. Ta murza cikin, ta fasa ta biyu. Bai tsaya ba. Na tambaya ko ba su da wani maganin, aka ce nasu ya ƙare, an aika a kawo bai iso ba. Aka tura Malam Kyari kemis da gudu, ya faɗa cikin cunkoson motocin kaya a bakin Singa. Kafin ya dawo an ce a wuce da ke babban asibiti. A Adaidaita Sahu muka ɗauke ki, kanki a cinyata, zanena ya jiƙe har ƙafa. Maganarki ta ƙarshe da na ji, cewa kika yi in faɗa wa yaran da ke taya ki sayar da ƙanƙara kada su bar firiza a buɗe. Mun isa ana neman jinin da za a ƙara miki, Allah Ya yi ikonSa.

Ranar sadakar uku, Mama Veronica ta ja ni gefe ta ce in ba ta labari daki-daki. Da na zo kan allurar, sai ta tsayar da ni. Ta ce, "Daga jakarta aka ciro? A ina jakar take zaune?" Na nuna mata saman sif. Sai matar nan da ta yi shekaru tana ganin mutuwa a asibiti ta zauna a ƙasa dirshan. Ta ce, "Kamila, wannan allurar oksitosin ce. Kamar tawa take, a firij ake ajiye ta. In ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake yi, ga ta nan kamar lafiyayya amma ba ta aiki yadda ya kamata. A jikin kwalin an rubuta." Sai ta juya ta kalli firij ɗin nan da ke bakin ƙofa, ta rushe da kuka. Ta ce sau ɗaya ta tambaye ki ko kin haɗa kayanki, kika rufe fuska kika ce, "Mama, a bar maganar." Ita kuma da ta tsufa a Kano ta san al'adarmu, sai ta bari don kada ta ba ki kunya.

Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Da a ce ƙauye kike, inda ba firij ba wuta, da na ce rashi ne. Amma ke ce mai sanyin unguwa. Naman mutane ya samu wuri a firij ɗinki, zoɓon mutane ya samu wuri, allurar wata ta samu wuri, taki tana sama tana gasuwa, tsakaninta da firij ɗin bai fi faɗin tabarma ba. Kuma wadda za ta gane da kallo ɗaya tana zuwa gidanki kowace safiya.

Ban ce allurar ce ta kashe ki ba. Mama Veronica da kanta ta ce ba mai iya rantsuwa, akwai jinin da ko da magani mai kyau sai an haɗa da wasu dabaru. Rai na Allah ne, ajali kuma ba ya jinkiri. Amma ina da tambayoyi, kuma zan yi su. Wanda ya naɗe muku kwalaben a takarda, me zai rage masa in ya ce a sa a firij? Shi kansa a ina ya ajiye su kafin ku zo? Masu awon da suka iya cewa a sayo, me ya hana su ƙara kalma ɗaya? Wane irin ɗakin haihuwa ne zai dogara da abin da mace ta ɗauko daga jakarta, ba shi da na biyu in na farko ya ƙi? Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Na yarda da ƙaddara, da ita aka haife ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ita murfi, a rufe sakaci da ita, a jira ta gaba.

Ta gaba kuwa a gidanmu take. A ranar na je wurin Inna na ce mata jakar Ruwaida ma tana saman sif, kuma allurarsu ɗaya, rana ɗaya suka saya. Inna ta ɗaure fuska. Ta ce, "Kamila, ki ji tsoron Allah. Yarinya na cikin makoki ga tsohon ciki, za ki je ki ce mata abin da ke jakarta ne ya tafi da yayarta? Kuma jakar haihuwa ba a zazzage ta a gaban mutane." Na ce, "Inna, mun ɓoye cikin Zulfa don tsoron baki, ba wanda ya yi mata baki. Shiru muka yi mata." Ban taɓa yi wa Inna magana irin wannan ba. Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbinta. Na fita, ban sani ba ko na yi daidai ko na ƙara mata ciwo a kan ciwo.

Washegari da safe, ɗakin zaman makoki cike da mata, sai ga Inna ta shigo riƙe da jakar Ruwaida. Ashe da kanta ta je gidan Ruwaida, ta sa aka sauko da ita. Ta ajiye ta a tsakiyar tabarma, ta zuge, ta ciro ƙullin takardar ta miƙa wa Mama Veronica. Sannan ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Duk mai ciki, da duk mai 'ya mai ciki, ta je ta sauko da jakarta ta kawo wa wannan baiwar Allah ta duba. Ni na ɓoye cikin 'yata, ga abin da na samu." Kafin azahar mata huɗu sun dawo da ƙunshinsu a ƙarƙashin hijabi.

Mama Veronica ta ce tsofaffin kwalaben ba za a yi amfani da su ba. Ta ɗauki Ruwaida zuwa wani babban kantin magani da ta yarda da ajiyarsa, ta ce sai an buɗe firij a gabanta. Da za su tafi ta nemi fulas da ƙanƙarar da za a riƙo allurar a ciki. Tun rasuwarki ba wanda ya iya taɓa firizarki, Malam Kyari ko kallon wajen ba ya yi. Ni na buɗe. Ƙulle-ƙullen ƙanƙarar da kika ɗaure ranar Litinin suna nan a jere, da irin ɗaurin nan naki mai kunne biyu. Na ɗauki ɗaya na fasa na zuba a fulas.

Yanzu allurar Ruwaida tana hawan sama a firij ɗinki, kusa da ta Mama Veronica, inda duk wanda ya buɗe zai gani. An kuma yi magana da inda za ta haihu, an tabbatar suna da wani maganin a ajiye. Ba ta haihu ba tukuna, kuma ba zan ɓoye miki ba, gabana faɗuwa yake yi duk lokacin da wayata ta yi ƙara. Amma ƙanƙararki ce ta rako maganinta gida, Zulfa. Ko bayan kin tafi, sai da kika yi wa wata abin da ba a yi miki ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Zulfa ta zo gare Ka ta hanyar haihuwa. Ka karɓe ta cikin shahidai, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sanyaya kabarinta kamar yadda ta sanyaya maƙogwaron masu azumi. Ka ba Malam Kyari haƙuri da juriya. Ka dafa wa Inna Gumsu, Ka cire mata zargin kai daga zuciya. Ka saka wa Mama Veronica da alheri. Ka raya jaririyar da aka mayar wa sunan uwarta, Ka sa ta gaji hannunta. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Fagge da na Maiduguri, da maƙwabtan da har yau ke tsayawa a ƙofar gidan su tuna ba mai fitowa.

Ya Allah, Ka sauki Ruwaida lafiya.

Yayarki,
Kamila
Fagge, Kano