Wa Zai Laƙƙana wa Hassia?

A unguwar Sevran, can ƙasar Turawa, in rai ya zo wa mace gargara, Hassia ake fara kira kafin likita. 'Yar Damagaram ce, gajeriya, mai sharar ofisoshi, ga baki, kai, Allah ya kiyaye! Amma in ta zauna a gefen majinyaciya sai ta koma wata daban. Ta jiƙa auduga ta shafa mata a leɓe, ta kai baki kunnenta tana laƙƙana mata kalmar shahada har ta cika. Masu kuka kuwa waje take kora su. "Ku kai shi bakin ƙofa, baiwar Allah na kan hanya!"

Ba ta tsoron mutuwa. Abin da take tsoro ɗaya ne, ta mutu babu mai faɗa mata shahada a kunne.

Da ciwon daji ya ci ƙarfinta, likitoci suka ce magani ya ƙare, sai ta roƙi a mayar da ita ɗakinta, inda matan da ta yi wa hidima za su kewaye ta. Aka ce akwai masu zuwa jinya har gida, amma kuɗin da gwamnati ke ware musu bai kai su ƙara ma'aikata ba, sai dai ta jira. Jira! Ka ji fa, kamar mutuwa na bin layi.

Gadon asibitin da ya samu yana can wajen birnin Lyon, a sashen masu jiran ajali, kusa da 'yarta Safa mai tuƙin bas. Wurin tsaf, ga furanni a taga. Sai dai matan Sevran sun tsufa, hanya ta yi musu nisa, gaisuwa sai ta wayar talho. Safa kan zo in ta tashi aiki. Ma'aikaciyar jinya Thérèse mutuniyar kirki ce, amma ɗakuna sun yi mata yawa, kullum a guje take.

Wata ranar Lahadi da hantsi Hassia ta ce, "Safa, ɗauki muryata a talhon nan."

Safa ta gane, ta fashe da kuka. "Inna, ai ina nan."

"Kina nan, kina kuma cikin bas. Share hawayenki, ba na son shirme."

Ta gyara murya, ta faɗi shahada a hankali, ta sake, ta sake, yadda ta saba yi wa wasu. Abin tausayi, wallahi, mace tana laƙƙana wa kanta.

Da Thérèse ta shigo, Hassia ta nuna mata talhon. "'Yata, in kin ji numfashina ya canza, danna nan, ki sa mini a kunne."

Thérèse ba ta iya ƙarya ba. Ta riƙe hannunta ta ce, "In ina kusa, Madam, zan yi." Kafin ta rufe baki ƙararrawar wani ɗaki ta kira ta, ta fita.

Hassia ta jawo talhon kan filo, dab da kunnenta, don ta gwada da kanta. Ta ɗora babban yatsa ta danna. Shiru. Ta tattara ƙarfinta ta sake dannawa, yatsan ya zame.