Ranar da gaisuwa ta cinye mana data

Shekarun baya kaɗan, a wata damina da kogin Haɗeja ya cika ya shanye hanyar ƙauyenmu, aka yi wa yayana haihuwar fari a Kafin Hausa. Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan". Ranar suna ta zo babu hanyar zuwa, ni kuwa na bugi ƙirji na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, a waya zan nuna miki jaririn yana motsi."

Abin da ban gaya mata ba, jiya-jiya na ƙone datar wata guda wajen kallon ƙwallo. Ɗan guntu ya rage, mai sayar da kati kuma yana can ƙetaren ruwa.

Da hantsi muka hau tudun bayan gida inda sabis ke kamawa, na kira gwaggonmu da ke can gidan sunan da bidiyo. Fuskarta na fitowa Inna ta gyara mayafi.

"Barka da arziki! Ina gajiya? Ya ruwa? Shinkafar taku ta tsira kuwa?"

Gwaggo ta miƙa wa wata wayar, wata ta miƙa wa wata. Kowacce sai Inna ta gaishe ta tun daga farko, har da tambayar ciwon ƙafa. Ni zufa kawai nake yi. Na raɗa mata, "Inna don Allah, ce su kawo yaron."

Ta harare ni. "Kai ba ka da kunya? Ni ce zan buɗe baki in ce a nuna mini ɗan wancan?"

Na ƙwala da kaina, "Gwaggo, jaririn!" Muna hango hannu ya ɗago farin zani, hoton ya tsaya cak. Saƙo ya shigo, data ta ƙare. Wai kamfanin waya ya bar mana kyautar rubutu zalla babu hoto. To rubutun me za a yi wa matar da fuska take son gani?

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zani ta ce, "To, ai mun gaisa." Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana uku na samu kwale-kwale zuwa Haɗeja, na sa data, na sauke ɗan bidiyon da gwaggo ta turo. Da na dawo na ajiye wa Inna wayar kan tabarma na fita, amma na laɓe a bakin ƙofa. Can na ji ta ƙasa-ƙasa tana dariya: "Kai, mummunan angon nan nawa! Hancin ubansa ya kwaso."

Yaron yanzu yana firamare, kullum suna tsokanar juna da ita. Ni kuwa har gobe ba na buɗe ƙwallo sai na leƙa ɗakinta na tambaya ko akwai wanda take son gani. Takan ce babu, amma hannunta ya riga ya kai kan mayafi.