Kawu Sikeli da Gadon Inna

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ina wurin aiki ina jera magunguna a kanta, ƙanwata ta bugo waya ta ce Kawu Sikeli ya rasu. Ya fito ne zai buɗe garejinsa, ya ce wa matarsa Gwaggo ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a kan benci, kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na ajiye kwalin da ke hannuna, na shiga bayan kanta na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Kawu, ni da kai ba jini ne ya haɗa mu ba, katanga ce. Tun ina yarinya nake jin ƙarar waldarka ta bayan ɗakinmu. Ka yi ƙuruciyarka kana ƙera bodin manyan motoci, da ka yi ritaya kuma ka ƙi zama, ka buɗe gareji a gida. Yaran layi ne suka laƙaba maka Sikeli, don ba abin da zai wuce ta gabanka ba ka auna shi ba. Na sha ganinka ka tsare jikanka a ƙofar gida, ka ɗora jakar makarantarsa a kan sikelin banɗaki, sannan ka shiga ciki ka yi wa uwarsa faɗa. Ba ka da sauƙin kai, wannan ko Gwaggo ba za ta musa ba. Amma ina da labari ɗaya da nake so a san ka da shi, kuma akwai ƙarshensa da ban samu na gaya maka ba.

Mahaifiyata, Inna, ta daɗe tana fama da ciwon mantuwa. Wata rana ni 'yarta ce, wata rana baƙuwa ce da ta ƙi tafiya. Abu biyu kaɗai suka rage da ba ta tsoro: gadonta na ƙarfe, na aurenta, da kujerar gaba ta motata. Mun taɓa kai ta kwana gidan yayana, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta har gari ya waye. Tun daga nan muka haƙura da kai ta ko'ina.

Sai ga labari cewa ƙanwarta, wadda muke kira Inna Auta, tana kwance an sa mata robar numfashi, likitoci kuma sun ce a yi ta addu'a. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Tsakaninmu da ita tafiyar kwana biyu ce a mota, ta cikin duwatsu. Ita ba ta iya zuwa, Inna ba ta iya kwana a hanya, kuma kullum aka yi waya Inna Auta tambayarta ɗaya, yaushe za a kawo mata Yaya.

Ina gaya wa Gwaggo wannan ta kan katanga, ina share hawaye, sai na ji muryarka daga ƙarƙashin wata mota.

"To a tafi da gadon mana."

Na ɗauka ba'a kake. Ashe a bayan garejinka, ƙarƙashin tamfol, akwai ƙaramin ɗaki mai taya biyu, irin wanda ake ja da mota, wanda kai da Gwaggo kuka riƙa zuwa bakin tafki da shi lokacin da yaranku suke ƙanana. Akurki kake ce masa. Ka yaye tamfol ɗin, ka ce ga ɗaki, ga gado a gidanmu, saura a ga ko motata za ta iya.

Ba ka taɓa son motar nan ba. Haibirid ce, mai haɗa fetur da batir, kuma tun ranar da na saye ta kake ce mata motar da ba ta sallama, don sai dai mutum ya gan ta a bayansa. Ka zauna da tabarau ka duba nauyin da masu ƙera ta suka yarje mata ta ja, ka yi tsaki. Ka ce za ta ja, amma abin da aka yarje mata kaɗan ne, kuma ba za ka ƙara mata ko kilo ɗaya ba, ko da zan yi fushi. Ka sa aka nemo ƙugiyar da aka yi don irin motar, ka ɗaura da hannunka.

Daga nan ka shiga rage wa akurkin nauyi. Ka cire murhu, ka cire tankin ruwa, ka cire tebur. Har kabad ɗin katako da ka yi wa Gwaggo da hannunka ka ɓalle, tana tsaye tana cewa shekara nawa tana roƙo ka gyara masa marfi, ashe jira kake ka tsige shi gaba ɗaya. Duk da haka, da aka ɗora gadon Inna a sikeli, lissafi ya ƙi fita. Gadon mutanen da ne, mutum biyu da ƙyar suke ɗaga shi.

Abin da ka yi bayan nan shi ne ba zan manta ba. Ka ajiye kayan aiki, ka riƙa shigowa gidanmu bayan azahar, ka zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna kana mata hira yayin da take shirin ɗan barcin rana. Ita a zatonta mai gyaran famfo ne. Kana hira kana kallo. Daga baya ka ce mini Inna ba gado duka take nema ba. In za ta kwanta, sai ta laluba ƙarfen kai da hannun dama ta sami wurin da fenti ya goge, sai ta ji tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa daidai, sai kuma ta ji gadon ya yi ƙara in ta juya. Saboda haka ka kwance ƙarfen kan gadon kaɗai, ka ƙera masa sabon jiki na gwangwani mara nauyi, tsayinsa ɗaya da tsohon, ka kafa shi a akurkin ta yadda ƙofa za ta kasance a hagunta kamar a gida.

Ƙarar ce ta ba ka wahala, domin gadon da ka yi ya fi ƙarfin ya yi ƙara. Kai da ka ƙare rayuwarka kana ɗaure noti har sai ya yi shiru, ka wuni kana neman yadda ƙarfe zai yi kuka. A ƙarshe ka saka wani ɗan zoben tagulla, irin wanda ake sa wa noti, a inda ba ta ɗauke nauyin komai, ka bar shi sako-sako. Kana ta sa Gwaggo ta hau ta juya, kana kasa kunne, kana cewa bai yi ba, na Inna ya fi kauri. Ranar da aka gwada, muna tsaye a tsakar gidanka, Inna ta shiga, ta laluba ƙarfen, ta kwanta, ta juya. Ba a jima ba muka ji minsharinta. Na waiwayo in yi maka godiya, na tarar ka koma gareji.

Sannan ka juyo kaina. Ranakun hutu ka riƙa kai ni filin ajiye motoci na wata makaranta, kana koya mini ribas da akurki a baya. Ka ce in sa hannu a ƙasan sitiyari, in tura shi ɓangaren da nake so bayan akurkin ya nufa. Na take maka gwangwanayen da ka jera ba adadi, kana kira na Direba cikin gatse. Ka ce kaya masu nauyi a saman taya ake ajiye su, ba a can baya ba, in ba haka ba akurkin zai riƙa kaɗa mota. Ka ce Inna a mota za ta zauna, ba a ɗaukar mutum a akurki yana tafiya. Tun da motar ba ta da murya kuwa, kada in saki birki sai na kira Inna na ji ta amsa daga gefena. Gangara ka fi nanatawa. Ka ce in batir ya cika a doguwar gangara, motar za ta daina riƙe kanta, nauyi duka ya koma kan birki, don haka in sa ta a giyar da ke rage gudu tun daga sama, in bar injin ya yi ta ihunsa.

Ranar tafiya muka ɓata. Ka ce sai an bi ta wurin masu sayen tsoffin ƙarafa an hau babban sikelinsu. Aka hau, nauyi ya zarce. Ashe dangi kowa ya ɗan cusa tsarabarsa, buhun shinkafa, jarkar mai, barguna, har da keken ɗinki da wata 'yar'uwarmu ta aika wa surukar Inna Auta. A safiyar nan an bugo an ce jikin Inna Auta ya ƙara tsanani, ni kuwa hankalina ya riga ya yi gaba. Na ce ai ɗan kaɗan ne, Kawu, ka bar mu mu tafi. Sai ka sunkuya ka cire ƙugiya.

"Ba zan tura mutum biyu gangara saboda buhun shinkafa ba," ka ce. "In kin isa gobe kin isa. In kin faɗa rami yau, wa zai kai Inna?"

Ka sauke kayan nan kaf a bakin titi, ka mayar da ƙugiya, ka zauna a kan keken ɗinkin kana gadi, muka tafi muka bar ka a nan. Raina a ɓace yake, ko ɗaga maka hannu ban yi ba sai da muka kusa shan kwana.

Komai ya zo yadda ka faɗa. A hawa motar ta yi nishi amma ta hau. A babbar gangara injin ya yi ta ruri har Inna ta tambaya wa ke niƙa da tsakar rana, ni kuwa ƙafata ba ta kan birki sai jefi-jefi. Mun yada zango a wani gidan mai da ke da fili, Inna ta kwanta tun kafin isha, ba ta farka ba sai asuba.

Da muka isa, Inna ta ƙi shiga gidan, kamar yadda muka yi tsammani. Sai 'ya'yan Inna Auta suka ɗauko uwarsu da tukunyar iskarta, suka shigo da ita akurkin, suka kwantar da ita a gefen yayarta. Inna ta daɗe tana kallonta. Ni ina bakin ƙofa, ina roƙon Allah a zuciyata kada ta tambaya wace ce wannan. Sai ta ɗora mata hannu a goshi.

"Auta, kin rame," ta ce. "Ba sa ba ki abinci ne?"

Sun yi kwanaki tare a kan gadon nan, wani lokaci hira, yawanci shiru. Da muka dawo na ba ka labari, ka saurara har ƙarshe, sannan ka tambaye ni ko birki ya yi wari a gangara. Na ce bai yi ba. Ka ce to madalla, ka tafi duba tayoyi.

Ga abin da ba ka ji ba, Kawu. Mako guda bayan ka tafi, Inna Auta ita ma ta cika. Mun yi ta shawara ko a gaya wa Inna, domin ba ta riƙe ko abin da ta ci da safe, kuma muna tsoron ta ce an hana ta ganin ƙanwarta. Ni na zauna a gabanta na faɗa mata. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ai mun gana." Har yau in aka ambaci Auta haka take cewa. Ta manta hanya, ta manta duwatsu, jiya ma ta manta sunana, amma ta san ta ga ƙanwarta. Kai ka ba ta wannan, kuma na gode.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yanku da jikoki, da dukkan mutanen layinmu da suka wayi gari ba su ji an buɗe gareji ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda Kawu ya saba tsayawa. Allah ya gafarta wa Kawu kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya sa aljanna ce makomarsa. Yadda ya ɗauki damuwar uwata ya mai da ita tasa, ya Allah ka ɗauke masa tasa a ranar da ba mai ɗauke wa wani. Allah ya ji ƙan Inna Auta da iyayenmu baki ɗaya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.