Kawu Isuhu Mai Likkafani a Jaka

Kun tuna jakar nan ta Kawu Isuhu, ƙanen innata, mai albasa a kasuwar Malanville? Likkafaninshi ne a ciki! Shekara da shekaru shina yawo da shi, har matashin kai yake yi da shi in rana ta yi zahi.

Wata rana wani sabon duwan, ma'aikacin kwastan, ya tare shi bakin gadar Gaya, ya buɗe jakar.

"Tsoho, mi ne ne wanga?"

"Kayan tahiya."

"Zuwa ina?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa, kamar mai awon tsawonshi. "Inda za ka iske ni."

Wallahi duwan bai sake taɓa jakar ba.

Da likita ya hana shi sukari, sai ya ce, "In na bari, ba ni mutuwa?"

"Za ka mutu, Baba, amma za ka daɗe."

"Shekara goma da shayi mai ɗaci, ko biyar da mai daɗi? Wa ya auna maka ya ce goma ta hi?"

Shekarar da kogi ya cika, mun zo shiga jirgin Gaya. Ya sa ƙafa guda, ya janye. "Ruwan ga shina kallona," in ji shi. Jikin kowa ya mutu. Mata sunka ce, "To, mu sauka?" Ya ce, "Ni ban hana kowa ba." Jirgi ya ƙetare lahiya lau. Shi kuwa babur ɗin kabu-kabun da ya hau ya kihe bisa gada, ƙafa ta karye! Mun je gaisuwa muna ƙunshe dariya. Ya ce, "Ku yi ta yi. Karayata ce, ni na zaɓe ta."

Bara, wata Litinin da hantsi, ya kira ni, garau da shi, shina hura shayi.

"Hadiza, ran Laraba kar ki tahi Gaya. Za a neme ki."

"Dole ne, Kawu?"

"Babu dole."

Na ɗauka halin nashi ne. Ran Laraba na tahi. Ina tsakiyar gada wayata ta yi ƙara. Maƙwabta sunka ce da kanshi ya share ɗaki, ya yi alwala, ya kwanta fuska gabas.

Kawu, ka yahe mini. Allah ya sanyaya makwancinka, ya sa inda ka tahi ya hi nan daɗi.