Goron da Baba Ya Yar a Tabarma

Mahaifina manomin rake ne a Kudan, kuma ba ya yarda da magana don kawai mai farar riga ne ya faɗe ta. Shekarar da ya fara tuntuɓe da buta, yana cin karo da bakin ƙofa, na kai shi asibiti a Zariya. Aka ce hawan jinin ido ne: ruwa ke taruwa a ciki yana danne jijiyar gani. Maganin ɗigawa bai wadatar ba.

Likitar ta ce hanya biyu ce. Ko a haska masa leza a buɗe magudanar ruwan, ya kwana gida, amma wataƙila a maimaita. Ko a yanka wata 'yar ƙofa a idon, wadda ta fi daɗewa tana aiki, sai dai za a yi ta zarya zuwa asibiti.

"Wanne zai dawo mini da abin da na rasa?" in ji Baba.

"Babu ko ɗaya, Baba. Abin da ya rage muke son tsarewa."

A mota ya ce mini, "Wadda ta ce ba za ta gyara ba, me take nema a idona?" Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ya sa na binciko masa waɗanda aka yi wa irin wannan aikin. Akwai wani dattijo a Dandamisa da aka yi wa leza, da wani makiyayi a Paki da aka yi wa yankan. Muka je gaishe su. Wurin kowanne, ana cikin gaisuwa, sai Baba ya saki goro a gefen tabarma, don ya ga ko mutumin zai gani. Na Dandamisa bai lura ba har muka tashi. Na Paki ya miƙa hannu ya ce, "Malam, goronka ya faɗi."

Na ce wa Baba wannan ba hujja ba ce, ba mu san yadda idon kowa yake kafin aiki ba. Ya ce ya sani.

Duk da haka yankan ya zaɓa, a idon hagu kaɗai. Na dama ya ce a bar shi da magani tukuna, ya gani. Ruwan hagun ya sauka. Sai da damina biyu ta wuce kafin ya ba da ɗayan, ranar ma sai da ya tambayi likitar ko da hannunta za ta yi.