Hannun Dattijon Lambara

Wata Laraba ce da hantsi, lokacin cirar albasa, a gindin wata darbejiya a Lambara. Baƙi mu biyu ne, ni da wata matashiya mai tsara fuskar manhaja, sai manoma kamar goma sha biyu a kan tabarmi. Wannan zama ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ban daɗe da barin aikin rediyo ba. Wani ƙaramin kamfani yana haɗa wa manoman Boɗinga da Shagari manhajar waya, ni kuma aka ɗora mini nemo abin da za a zuba a ciki: hotuna, muryoyi, da kalmomin kan maɓallai. Na ƙi yarda da hotunan intanet, domin manomin Kajiji ba zai ga kansa a jikin mai hular kaboyi ba. Haka na yi makonni a kan babur da kyamara a wuya. Har yau ina kewar waɗannan hanyoyi, da furar da ake tarbata da ita tun ban faɗi abin da ya kawo ni ba.

Hoton shafin farko na shugaban manoman garin ne, wani dattijo, yana miƙa hannu yana karɓar irin albasa. Sai da na yi sawu uku kafin ya amince. "Kada dai ka kunyata ni, ɗan rediyo," ya ce. Na yi masa alkawari.

Ranar nan ta gwaji, na buɗe manhajar na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo. Wani sa'ansa ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Alhaji, yaushe kak koma bahago?"

Wurin ya kaure da dariya, ban da shi.

"Tun da anka haihe ni ban taɓa amsar abin mutum da hagu ba," ya ce a hankali, idonsa a kaina. "Haka za a gan ni har Sakkwato?"

Sai a sannan na lura. Abokiyar aikina ta juya hoton ne, damansa ta koma hagu, domin hannun ya fuskanci maɓallin farawa. Ni kuwa na bi shafin kalma bayan kalma, kamar yadda na saba tace labarai, amma ban kalli hannun ba.

Ita ce ta durƙusa a gabansa. "Baba, laifina ne. So na yi hannunka ya nuna inda za a danna."

"To ɗiyata, shi abin dannawar ba ya iya gusawa? Sai tsoho za a juya?"

Aka sake dariya, wannan karon har da shi. Nan take ta ɗora kwamfutarta a kan buhun albasa, ta mayar da hoton yadda na ɗauke shi, ta matsar da maɓallin ɗaya gefen. Ya karɓi wayar, ya duba da kyau.

"Yawwa. Wanga shi na hannuna."

Daga ranar na san cewa hoton mutum amana ce. Tsarin shafi ne zai bi mutum, ba a lanƙwasa mutum don shafi ya yi kyau. Ban ƙara barin wani hoto ya shiga manhajar ba sai mai shi ya gan shi a kan waya ya ce ya yarda.

Dattijon ya rasu damina biyu bayan haka. Maɓallin yana nan inda ta mayar da shi.